Hotunan madubin likita sun ƙi haɗuwa, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon aikin ɗakin gwaji, a Agege nake zaune. An ba ni silaid na yankan hanta, faɗinsa wajen santimita ɗaya, aka ce in kawo hotonsa gaba ɗaya don aikin kammala karatu. Na kara wayata a gilashin ido na madubin likita, inda ake leƙawa, na yi ta ɗauka da 40x, na kai kwamfuta don in haɗa, sai hoton ya fito da baƙaƙen layuka kamar raga, wasu ƙwayoyin kuma suka fito biyu-biyu. Manhajar ce ba ta da kyau, ko waya mai babbar kyamara zan nema?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Riƙe wayarka, kada ka je kasuwar Computer Village ka zubar da kuɗin da ba ka da shi. Manhajar ma ba ta da wani laifi mai yawa. Bisa bayanin da ka yi, hotunan sun lalace tun a kan madubi, kafin su ga kwamfuta. Baƙaƙen layukan aikin haske ne. Ƙwayoyin da suka fito biyu-biyu kuwa motsin hannu ne ya jawo su, da rashin hawan hotunan kan juna yadda ya kamata. Amma kafin mu kai can, abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tambayarka shi ne 40x ɗin da ka zaɓa.

Duba jikin gilashin ƙasa, wanda muke kira objektib. Za ka ga lambobi biyu kusa da juna, misali 40/0.65. Ta farko ninkin girma ce, kowa ya san ta. Ta biyu, lambar NA, ɗalibai ba sa ko kallonta, alhali ita ke da ta cewa. Tana nuna faɗin kusurwar hasken da gilashin ke iya tattarowa daga abin da ake dubawa, kuma ita ke yanke hukuncin ko ɗigo biyu da ke dab da juna za su fito a rarrabe, ko su narke su zama ɗaya. Ernst Abbe, Bajamushen da ya yi aiki tare da Carl Zeiss a garin Jena, shi ya fitar da lissafin a 1873: a raba tsawon zangon haske da ninki biyu na NA. Zangon koren haske wajen nanomita 550 ne. Idan ka buga lissafin, 4x mai NA 0.10 zai rarrabe abin da ke da tazarar maikuromita 2.75, 10x mai 0.25 zai kai 1.1, 40x mai 0.65 zai kai wajen 0.42, shi kuwa 100x na mai, mai 1.25, zai sauko zuwa wajen 0.22. Daga nan madubin haske irin namu ya tsaya. Don ka gane sikelin, maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, nanomita kashi ɗaya cikin dubu na maikuromita, jan ƙwayar jini kuma faɗinta maikuromita 7 zuwa 8. Man da ake ɗigawa a 100x ma ba ado ba ne: yana lanƙwasa haske daidai da yadda gilashi ke yi, shi ya sa NA ke iya wuce 1. In babu shi, hasken ya watse a iska.

To ka ga duk abin da gilashin ƙasa bai kamo ba, babu kyamarar da za ta ƙirƙiro shi. Ka ja hoton da yatsa biyu a waya har ya cika fuska, ba ka ƙara komai ba sai dishi-dishi mai girma.

Yanzu ƙidaya. A jikin gilashin ido akwai rubutu kamar 10x/18. Wannan 18 ɗin, in ka raba ta da ninkin objektib, ita ke ba ka faɗin da'irar da kake gani a milimita. A 40x da'irar milimita 0.45 ce kacal. Hoton da za a haɗa kuma ba da'ira ake so ba, murabba'in da ke cikinta ake yankowa, wato wajen 0.32. Ka cire ɓangaren da zai hau kan maƙwabci, kowane taki ya koma wajen 0.25. Nama mai santimita ɗaya kowane gefe zai ci hoto 40 a layi, layi 40: hotuna 1,600, da hannu, ba tare da ka tsallake ko ɗaya ba. Ba na jin akwai wanda zai yi wannan da waya ya fita lafiya. A 10x takin wajen milimita ɗaya ne, hotuna 100 sun gama. A 4x guda 16 ne. Kuma me ake nema a hoton hanta gaba ɗaya? Tsarin gininta: ina jijiyar tsakiya take, ina kusurwoyin da jijiyoyi da bututun ɗaci suka taru, ko akwai tabo da ya yanyanka ta. Duk wannan 10x ya isar, tunda ƙwayar hanta ɗaya ta kai maikuromita 20 zuwa 30. Shawarata ke nan: ka haɗa babban hoton da 10x, sannan ka zaɓi wurare uku ko huɗu masu muhimmanci ka ɗauka da 40x, ka yi alamar inda suke a jikin babban. Duk malamin da ya san aikin zai fi son wannan.

Sai batun ragar nan. Duba hoto ɗaya daga cikin waɗanda ka ɗauka, za ka tarar tsakiyarsa ya fi gefensa haske. Idon mutum ba ya damuwa da wannan a hoto ɗaya, yana gyarawa da kansa. Amma da ka jera ɗari, duhun gefen wannan ya haɗu da duhun gefen wancan, sai raga ta bayyana. Maganin farko a madubi yake, shi ne saitin haske na August Köhler, wanda ya wallafa tun 1893, amma har yau za ka shiga ɗakin gwaji ka tarar an sauke kwandensa, wato gilashin da ke ƙarƙashin silaid mai tattara haske, ƙasa wai don rage haske. Ga yadda ake yi. Saita silaid a 10x har ya fito tar. Tsuke ƙofar hasken da ke ƙasa kusa da fitila har ka ga ɗan haske mai kusurwoyi a tsakiyar duhu. Ɗaga kwandensa ko sauke shi har gefen wannan hasken ya yi kaifi. Da sukurorin nan biyu na jikin kwandensa ka jawo shi tsakiya. Sai ka buɗe ƙofar a hankali har gefenta ya ɓace daga gani, ka tsaya nan, kada ka wangale. Ƙofa ta biyu, ta cikin kwandensa, ka bar ta a buɗe wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na NA ɗin objektib. In haske ya yi yawa, a fitila ake ragewa. Wasu ƙananan madubai na makaranta ba su da ƙofar ƙasan. In irinsu ne a hannunka, ɗaga kwandensa kusa da ƙarshen sama, ka dogara da magani na biyu.

Magani na biyu hoton fili ne. Matsar da silaid zuwa inda babu nama, gilashi ne da murfinsa kawai, ka ɗauki hoto ba tare da ka taɓa fitila ko saitin kyamara ba. Ɗauki huɗu ko biyar a wurare daban, kwamfuta ta fitar da matsakaicinsu don ƙurar wuri ɗaya kada ta shiga lissafi. Wannan hoton taswirar hasken madubinka ce. Kowane hoton nama sai a raba shi da ita, ɗigo da ɗigo, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka yi hoton: inda fili ya yi duhu a ɗaga, inda ya yi haske a sauke. Minti biyu ne aikin ɗaukarsa, amma shi ke raba hoton da za a ɗauka na ƙwararre ne da wanda za a mayar maka.

Waya tana da nata hali. An ƙera ta ne don ta gyara kowane hoto shi kaɗai. Ta ga nama mai duhu, ta ƙara haske. Ta ga gefen da fari ya yi yawa, ta rage, ta kuma sauya launi. Sakamakon haka falle ɗaya ya yi ruwan hoda, na kusa da shi ya yi shuɗi-shuɗi. Shiga sashen kyamara da ke barinka ka saita da hannu, ka kulle abu huɗu: tsawon buɗewar kyamara, lambar ISO mai nuna ƙarfin jin hasken kyamara, daidaiton fari, da fokas. Kashe HDR da duk wani abin ƙawata hoto. Ka daidaita farin a kan filin da babu nama, sau ɗaya, ka bar shi har ka gama.

Akwai kuma matsalar da littattafan Turai ba sa kawowa, mu a Legas muna kwana da ita. Fitilar halojin launinta na bin ƙarfin wuta. Wuta ta yi ƙasa, haske ya koma rawaya. Aka ɗauke aka tada janareta, ya sake wani launin. Rabin hotunanka na safe, rabi na bayan an sauya layi, ba za su taɓa zama launi ɗaya ba. Madubi mai fitilar LED da batir ya fi, ko ka jona a inbata. Janaretan kansa in yana kusa da bango, girgizarsa na hawowa ta tebur, a 40x za ka ga hoton na rawa. Haka tirela in ta wuce a titi. Ka zaɓi lokacin da unguwa ta lafa, ka gama silaid ɗin a zama ɗaya. Ka kuma sa ƙidayar sakan biyu kafin ɗauka, ko ka danna da maɓallin igiyar kunne, don yatsanka kada ya girgiza wayar.

Mu zo kan haɗin kansa. Manhaja ba ta san hanta ba, ba ta san ƙwaya ba. Abin da take yi bai wuce na tela mai haɗa fallen atamfa biyu ba: yana neman inda zanen bakin wannan ya yi daidai da na bakin wancan, ya ja ɗaya sama ko ƙasa har furen ya cika. In ba a bar masa rara a baki ba, ba shi da abin gwadawa. In farin yadi ne marar zane, ko'ina ya ɗora daidai ne a wurinsa, kuma ko'ina kuskure ne. In kuma zanen mai maimaita kansa ne, yana iya ɗora fure na uku a kan na huɗu ya ga kamar ya yi. Duka ukun suna faruwa a madubi. Don haka kowane hoto ya hau kan na gefensa da na ƙasansa da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Masu madubi mai inji da ke tura silaid da kansa suna iya tsayawa a 10. Kai mai murɗawa da hannu, 20 ne mafi ƙaranci, 30 ma ba asara ba ce. Hanya mai sauƙi: kafin ka murɗa, ka zaɓi wata alama a gefen dama na hoton, ƙaramar jijiya ko wani tsagi, ka murɗa har ta dawo gefen hagu, amma kada ta fita. A 10x kana iya duba ma'aunin da ke gefen teburin madubi, yana karanta har kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ka tafi layi-layi, daga hagu zuwa dama, ka sauko taki ɗaya, ka dawo daga dama zuwa hagu. In ka zo gefen nama, tabbatar kowane hoto na ɗauke da ɗan nama ko kaɗan ne, domin farin fili zalla shi ne farin yadin nan.

A cikin kwamfuta, dabarar da aka fi amfani da ita tana juya hotunan biyu zuwa wani irin lissafi da ake kira Fourier, ta gwada su, sai wani ɗigo mai ƙarfi ya fito da ke nuna ɗigo nawa za a matsar zuwa gefe, nawa zuwa sama. An san wannan dabara tun 1975. Abin da ya rage shi ne tarin kuskure. In ka ɗora na biyu a kan na farko, na uku a kan na biyu, haka har ƙarshe, kuskuren ɗigo ɗaya a kowane haɗi zai zama kusan ɗigo arba'in a ƙarshen layi mai hoto arba'in, layin ƙasa kuma ya ƙi haɗuwa da na sama. Stephan Preibisch da Stephan Saalfeld da Pavel Tomancak sun wallafa hanyar magance wannan a 2009: a auna dangantakar kowane hoto da duk maƙwabtansa, a watsar da ma'aunin da ya saɓa wa saura, sannan a zaunar da duka a lokaci guda yadda kuskuren zai bazu ya zama ƙanƙane. Ita ce ke cikin Fiji, manhajar kyauta da aka gina a kan wata manhajar mai suna ImageJ, wadda ita kuma Wayne Rasband ya rubuta a cibiyar binciken lafiya ta Amurka. Akwai kuma MIST, daga hukumar ma'aunai ta Amurka, ita ma kyauta ce kuma a cikin Fiji take aiki. Don aikinka ta farkon ta wadatar.

Ga wani abu da ke ruɗa mutane ƙwarai. Ƙura a gilashin ido, ko allurar nuni da ake sakawa a madubin ɗalibai, tana fitowa wuri ɗaya a kowane hoto. Manhaja ta ga abu mai kaifi da ya yi daidai a hotuna biyu ba tare da an matsar da komai ba, sai ta ɗora su kai tsaye a kan juna. Baƙin gefen da'ira ma haka yake yi, shi ya sa dole ka yanke murabba'in tsakiya, girma ɗaya a duk hotunan, kafin ka ba manhaja. Don gano inda ƙura take, juya gilashin ido da yatsa: in ɗigon ya juya tare da shi, a nan yake. In ya bi silaid sa'ad da ka murɗa, a silaid yake. In ka ga wasu siraran zare masu rassa da ba sa gogewa, wannan fumfuna ce ta ci gilashin, ciwon madubai a garin da ke bakin teku irin wannan. Ana kiyaye ta da ajiye madubi a akwati mai rufi da ƙullin silika mai shan danshi, ko kabad mai ƙaramin ƙwan fitila a kunne.

Ƙwayoyin da suka fito biyu-biyu kuwa, ina kyautata zaton da hannu ka riƙe wayar. Wannan manhajar ta Fiji matsarwa kawai ta iya, gefe da sama. Ba ta juya hoto, ba ta ƙara masa girma. In wayar ta ɗan karkata tsakanin hoto da hoto, ko ta matso ko ta ja baya, tsakiyar haɗin zai yi daidai, ƙarshensa ya goce, sai ƙwaya ɗaya ta zama biyu. Abin mamaki, in wayar a karkace take amma a ɗaure, ba ta motsi, babu matsala: babban hoton zai fito da gefe kamar matakala, cikinsa kuwa lafiya lau. Don haka kuɗin da za ka kashe na maƙalin waya ne, wanda ke damƙe gilashin ido. Shi ne sayayya ɗaya da na yarda ka yi. Kuma ka manta da sashen fanorama na waya ko manhajojin haɗa hoton gari. Su an gina su ne a kan cewa mai ɗauka na tsaye wuri ɗaya yana juyawa, don haka suna lanƙwasa hoto su miƙar da shi. Kyau za su ba ka, amma awo ya tashi daga aiki.

Fokas kana iya gyara shi kaɗan-kaɗan da ƙaramin maɗauri yayin da kake tafiya, domin yankan nama, mai kaurin maikuromita 3 zuwa 5, ba ya kwanciya daidai ko'ina a kan gilashi. A madubi za ka gyara, ba a waya ba. In objektib ɗinka babu kalmar Plan a jikinsa, gefen da'ira zai riƙa yin dishi ko da tsakiya ya fito, sai ka ƙara matse yankan da kake yi, ka ƙara yawan hotuna.

A Fiji, ka sa wa hotunan suna da lamba a jere, ka buɗe Grid/Collection stitching, ka zaɓi tsarin tafiyar maciji layi-layi, ka faɗa mata hoto nawa a layi, layi nawa, da kiyasin hawan da ka bari. Madubi yana kifar da hoto, don haka abin da hannunka ya ji dama ne yana iya zama hagu a hoton. Gwada da hotuna huɗu tukuna, in sun watse ka sauya alƙibla. Wurin zaɓen yadda za a narkar da baki, kowa na son Linear Blending domin tana ɓoye layin haɗi. Ni ina ba ka shawarar ka fara haɗawa ba tare da ita ba, ka bi layukan haɗin da ido ɗaya bayan ɗaya. Narkarwa tana ɓoye kuskure, ba ta gyara shi. Inda haɗi ya goce da ɗigo goma, za ta shafe shi ya zama ɗan dishi da ba za ka lura ba, alhali a nan ƙwaya ɗaya ta ɓace ko ta ninku. Wanda zai yi ƙidayar ƙwayoyi a irin wannan hoton ya san da haka.

Nauyi ma abin lura ne. Hoto mai ɗigo 2,000 kowane gefe, mai launi, megabait 12 ne in ba a matse shi ba. Guda 100 sun kai gigabait 1.2, kwamfutar ɗalibi za ta iya, in ka ƙara wa Fiji ƙwaƙwalwa a saitinta. Guda 1,600 sun haura gigabait 19. Injinan asibiti masu ɗaukar silaid gaba ɗaya wannan aikin dai suke yi, da inji mai tura silaid da fokas mai gyara kansa: nama mai milimita 15 kowane gefe yana ba su ɗigo 60,000 sau 60,000. Sai a 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fara amincewa a yanke hukuncin cuta da irin wannan hoton, da na'urar kamfanin Philips. Ka ga ke nan hoton da aka haɗa da waya na koyarwa ne, da aikin makaranta, da neman shawarar likita mai duba yankan nama da ke nesa, ba na rubuta wa majinyaci sakamako ba.

Kuma ba komai ake haɗawa ba. Fitsari ko bayan gida a ruwan gishiri, abin da ke ciki yawo yake yi, kafin ka ɗauki na biyu ya bar inda yake. Gwajin zazzaɓin cizon sauro ma ba ya bukatar haɗi: ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a duba aƙalla fili 100 na jini mai kauri a 100x kafin a ce babu ƙwayar cuta, kuma ido ya fi kyamara sauri a nan nesa ba kusa ba.

Kafin ka sauke maƙalin wayar, nemi silaid ɗin awo, mai milimita ɗaya da aka raba gida 100, ka ɗauke shi da objektib ɗin da ka yi aiki da shi. Da shi za ka san maikuromita nawa ne ɗigo ɗaya, ka sa sandar awo a ƙasan hoton. Rubuta "10x" kawai ba ya gaya wa mai karatu komai, tunda girman hoto na sauyawa daga fuskar waya zuwa takarda. Asalin hotunan ka adana su yadda suke a wani wuri daban, babban hoton ka ajiye shi a TIFF, tsarin fayil da ba ya rage ingancin hoto. In za ka tura wa malaminka ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin in ka tura a matsayin hoto za ta matse shi ta rage ɗigonsa. Ka kuma tabbatar takardar da ke manne a silaid, mai suna ko lambar majinyaci, ba ta shiga hoton ko sunan fayil ba.